Bindigar Yaya Kulu da Na Kai Argungu

Tun da na dawo daga Argungu ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a bakin kasuwa, har a fadama ina duƙe cikin albasa sai wani ya tsaya ya ce, "Malam Umaru, yaya Argungu? An sayar da bindigar?" In na ce Alhamdu lillahi, a ce na ɓoye kuɗi. In na yi shiru, a ce an cuce ni ina jin kunyar faɗa. Ba ko ɗaya daga ciki. Shi ya sa na sayi littafi na zauna in rubuta abin da ya faru sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Abin da na tabbata shi kaɗai zan rubuta, domin ba na son in ɗora wa kowa laifin da ba nasa ba.

Da farko a sani, bindigar ba tawa ba ce. Ta yayata ce, Kulu. Mun tashi a gidanmu na Ambursa mun tarar da ita rataye a ɗakin Baba, doguwa, baƙa ƙirin, an naɗe gindinta da fata, da layu uku a ɗinke. Baba yakan ce kakansa ya samo ta wajen fatake masu zuwa daga arewa, kuma ƙirar Turawa ce ta asali, ba ta maƙeran gida ba. Mutane suna yi masa dariya a bayan ido. Sau ɗaya a shekara yakan sauke ta ya shafe ta da tsumma da ɗan man gyaɗa, ya mayar. Da ya rasu aka zo rabon gado, Yaya Kulu ta ce a sa mata ita cikin rabonta, ta bar wa ƙannenmu ɗan yankin fadamar da zai faɗo mata. Har aka kira ta mahaukaciya a ranar.

Yanzu mijinta ya rasu, cutar yanar ido kuma ta rufe mata ido biyu. Ba ta gane mutum sai da murya. A asibiti an ce aiki za a yi, kuma idan aka yi za ta gani. Wata safiya ta aika aka kira ni, ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo bindigar ta ɗora mini a hannu.

Ta ce, "Umaru, kai ne ba ka cin amana. Ka tahi da ita Birni ka ji abin da za ta yi. In ta kai kuɗin aiki, a sayar. Baba ba zai ji haushi ba, ido ne."

Kowa ya san halin da ake ciki yanzu, mutum ba ya yawo da bindiga haka kawai, ko da ta zamanin kakanni ce. Na kwana uku ina neman takarda. Na je wajen mai unguwa ya rubuta, na kai wa hakimi ya sa hannu, na kai ofishin 'yan sanda suka duba suka ga ba ta tashi, suka rubuta cewa tsohuwar bindiga ce mai tsatsa, naɗe da fata, ta gado. Na sa aka yi wa takardar hoto biyu, ɗaya a aljihun gaba, ɗaya cikin hula.

Na naɗe ta cikin tabarma na hau kabu-kabu zuwa Birnin Kebbi. A hanya mai babur ya matsa sai ya ga abin da ke ciki. Da muka tsaya na buɗe masa gefe. Ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Malam! Wanga ruɓaɓɓen ƙarhe wa zai saya? Ko 'yan gwangwan sai sun yi maka alfarma." Na biya shi na wuce, amma maganar ta zauna mini a ciki.

Wanda aka kwatanta mini shi ne Alhaji Rasaki, Bayarbe ne da ya daɗe a Birni, Hausarsa ta fi tawa tsari. Shagonsa cike yake da tsofaffin tasoshin tagulla da akussa da takubba. Da na warware tabarmar sai ya daina taunar goron da ke bakinsa. Bai ko goge ƙurar da ke kanta ba. Ya ɗaga ta a hankali kamar jariri, ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya ɗauke ta hoto da wayarsa ta kowane gefe. Na gaya masa ta yayata ce, kuɗin aikin ido muke nema.

Ya ce, "Malam Umaru, ni tagulla na sani, ban ƙware a bindiga ba. Ina da mai saye a kudu, amma maganar mutum ɗaya yake yarda da ita, Baba Tunau maƙeri, a Argungu. Kai masa. In ya ce ta asali ce, kuɗinta zai yi wa yayarka ido biyu har ku sayi magani."

Na dawo gida da farin ciki da fargaba tare. Kuma a nan ne na yi abin da na yi.

An gaya mini Baba Tunau dattijo ne da manyan mutane ke zuwa wurinsa. Ni kuwa a gidanmu ko kwanon tuwo za a kai maƙwabta sai an wanke bayansa da toka. Na dubi bindigar na ce, ta yaya zan shimfiɗa wannan dauɗa a gaban babban mutum, a garin sarki? Zai ce mutanen Ambursa ba su san darajar abin gado ba. Na kuma ce a raina, amana ce, gyara amana lada ne. Ban gaya wa Yaya Kulu ba. So nake in dawo da kuɗi masu yawa ta ji daɗi.

Na fara da toka da lemun tsami. Baƙin bai fita ba, sai na sayo sanfefa. Kwana biyu ina gurza har yatsuna suka yi ƙuna. A kusa da inda ake ɗana ta na ga wasu ƙananan haruffan boko da lambobi, da wani ɗan zane kamar tauraro. Tsatsa ta maƙale cikinsu, ta ƙi fita. Na ce in na bar su za a ce rabin aiki na yi. Na dage a wurin har ya zama sumul. Akwai wani zoben ƙarfe da ke motsi, na kai wa mai walda ya liƙe shi. Katakon gindi ya tsage, gara ta taɓa shi, na kai wa kafinta ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabo, ya shafe duka da man katako mai sheƙi.

Sai fatar da layun. Su suka fi damuna. Ban san abin da ke ciki ba. In sunan Allah ne, bai dace in sayar wa wanda ban san addininsa ba. In wani abu ne na jahiliyya, bai dace ya zauna a hannuna ba. Na tambayi limaminmu abin da ake yi da layar da ba a san cikinta ba, ya ce a sa ta a ruwa mai gudu. Abin da na tambaye shi kawai ya amsa, bai san daga ina na yanko su ba. Na haɗa fatar da layun na ɗaure da dutse, na jefa a gulbi.

Da na gama, bindigar tana ɗaukar ido. Wallahi har na yi hamdala.

Ranar Talata na kama hanya. Motocin Argungu suna wucewa ta Ambursa cike, don haka sai da na koma tashar Birni na shiga daga can. Direba ya dubi doguwar tabarmata ya ce, "Mi ke cikin tabarmag ga?" Na ce bindiga ce, amma ga takarda. Ya ja da baya ya ce shi bai ji ba bai gani ba, sai dai in biya kujera biyu. Na biya. Wata tsohuwa mai kwandon kaji ta ce ba za ta zauna inda bakin bindiga ke kallonta ba. Na juya ta, wani malamin makaranta ya ce yanzu shi take kallo. Na rantse musu ta fi shekara ɗari ba ta tashi ba. Tsohuwar ta ce, "To yau ta ga dama fa?" A ƙarshe na tsayar da ita tsakanin ƙafafuna, bakinta yana kallon rufin mota, haɓata a kanta.

Da muka zo wucewa ta Ambursa na sunkuyar da kai, don kada a gan ni a fara tambaya.

Can gaba muka tarar da shingen jami'an tsaro. Wanda ke bakin hanya ya leƙo, ya gaisa da direba, ya ɗaga hannu mu wuce. Ni kuwa zuciyata ta ce, in aka wuce ban faɗa ba, na ɓoye ke nan. Sai na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, akwai bindiga a nan." Direba ya dafe kai.

Aka sauke mu duka. Jami'in ya warware tabarma, ya karanta takarda, ya dubi bindiga, ya sake karanta takarda. Ya ce, "Baba, nan an rubuta tsohuwa mai tsatsa, naɗe da fata. Wannan kuwa sabuwa ce fil. Ina waccan?"

Na ce, "Ita ce, gyara ta na yi."

Ya ce, "Ni dai ban ga alamar ita ce ba."

Sai da babbansu ya zo, ya gwada ɗana ta ya ga ba ta motsi, ya kira mai unguwarmu a waya, sannan aka sallame mu. Mun fi awa guda a rana. Ba su yi mini wulaƙanci ba, aikinsu suka yi. Fasinjoji ne suka wanke ni tas. Tsohuwar ta ce in kazarta ɗaya ta mutu a kaina take. Direba ya ce shekararsa ashirin a hanya bai taɓa ganin wanda ya kai ƙarar kansa ba. Ni kuwa abin da jami'in nan ya faɗa ya tsaya mini, cewa bai ga alamar ita ce ba. A nan ya kamata in gane. Ban gane ba, har wani daɗi na ji cewa aikina ya yi kyau.

A Argungu na sauka gidan Garba, abokina tun muna firamare, wanda yanzu yake sana'ar bandar kifi. Ya tarbe ni da ihu, "Umaru mai tsoron inuwarsa! Yau kai ne da bindiga?" Uwargidansa ta aiko daga ciki cewa ana maraba da ni, amma abin nan ba zai kwana gidan da jikokinta suke ba. Garba ya kai ta rumfar da yake banda, ya rataye ta a sama cikin hayaƙi. Kafin magariba na leƙa ta sau huɗu.

Mu ma a Ambursa muna cin kifi, amma ba kamar mutanen Argungu ba. Mu kifi mahaɗin miya ne. Su kuwa tuwon ne mahaɗi. Da rana shinkafa da kifi, da yamma tuwon shinkafa da miyar kifi, da safe ɗumame da kan kifi. Kuma mutum ba ya cewa kifi kawai, sai ya faɗi sunansa, in bai sani ba yara su yi masa dariya. Suna sa yanka guda a baki, ƙaya ta fito ta gefe, suna ci gaba da hira. Na gwada yi kamar su, ƙaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Garba ya ce a kira wani tsoho cikin masunta da ke yin tofi a ruwa, mutum ya sha ƙaya ta wuce, wai kowa a unguwar shi yake kira. Na girgiza kai, domin ban san abin da yake karantawa ba. Garba ya ce, "Za ka mutu da ƙaya saboda tantama!" Na haɗiyi lomar tuwo uku ba tauna, ina hawaye, sannan ta wuce. Har na baro garin yaran gidan suna kirana Baba Ƙaya.

Washegari da hantsi muka tafi maƙera. Baba Tunau tsoho ne siriri, yana zaune kan buzu a gefe, 'ya'yansa suna ƙirar lauje da fartanya. Ba ya ji sosai, sai an matsa kusa. Ba a yi maganar bindiga ba sai da ya tambayi Ambursa, da ruwan bana, da farashin albasa, da sunan babana. Da na faɗa ya ce ya taɓa jin akwai wata bindiga a gidan. Na ji daɗi ƙwarai.

Na durƙusa na warware tabarma. Hasken rana ya bugi ƙarfen.

Tsohon ya jawo ta ya kai hanci, ya ce, "Wagga ta kwana gidan mai banda." Aka yi dariya, har da ni. Shi bai yi ba. Ya ɗaga ta ya auna nauyinta a tafin hannu biyu. Ya juya bakinta wajen rana ya leƙa ciki ya daɗe. Ya ƙwanƙwasa bututun da ɗan guduma, ya kara kunnensa mai ji. Ya sa aka miƙo masa wani ɗan ƙarfe, ya kwance sukuru ɗaya ya mirgina shi a tafin hannu. Daga nan ya sa babban yatsa yana shafa daidai wurin da na fi gurzawa, yana kai da komo.

Ya ce, "Wa ya yi mata wanga aiki?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Da hannunka?"

"Da hannuna. Na ga bai dace in kawo maka ita da dauɗa ba."

Ya ce, "A nan da nike shahwa, ba ka ga rubutu ba?"

Na ce na gani, da lambobi, da wani abu kamar tauraro.

"Ka riƙe lambobin?"

Na rufe ido na nema. Na tuna akwai bakwai, ko kuwa ɗaya ce. Na ce ban riƙe ba.

Ya ajiye ta a kan buzu. Ya ce wa babban ɗansa ya ɗauko masa biyun da ke ɗaki. Aka kawo bindigogi biyu, duka baƙaƙe. Ya ce in leƙa cikin ta farko. Sumul take kamar bututun famfo. Ya ce wannan babansa ya ƙera ta, ƙirar gida ce. Ya ce in leƙa ta biyu. Na ga wasu layuka suna murɗawa har ƙasa. Ya ce wannan ta Turawa ce, maƙerin gida ba shi da abin yanka wannan murɗin. Sannan ya ce in leƙa tamu. Na leƙa. Murɗin yana nan, ya sha shekaru amma yana nan.

Ya ce, "Babanka bai yi ƙarya ba. Ta asali ce, irin waɗanda sunka shigo ta arewa tun kahin a haihi ubana. Ƙarhen ya hwaɗa, sukurun ya hwaɗa. Ban ga irinta ba sun hi uku a rayuwata."

Na ce Alhamdu lillahi, har na fara miƙewa.

Ya ce, "Zauna, ɗana, ban ƙare ba."

Ya ɗauki ta Turawan da aka kawo ya nuna mini lamba a jikin bututu, da irinta a wurin ɗanawa, da irinta a ƙarfen gindi. Ya ce abin da mai saye ke fara nema ke nan. In lambobin sun zo ɗaya, ya san ba haɗe-haɗe aka yi ba. Tambarin kuwa shi ke faɗin gidan da aka ƙera ta. Ya ce baƙin da na kira dauɗa ba dauɗa ba ne, rigar shekaru ce, kuma ita kaɗai ce ba a iya ƙerawa. Masu jabu sukan binne sabuwar bindiga cikin taki da gishiri wata shida, amma tsatsarsu ja take fitowa, tana ɓarewa a farce. Ta gaske baƙa ce, lafiyayya, tana kare ƙarfe.

Ya ce, "An ce da hwata a jikinta. Tana ina?"

Na gaya masa. Har mai zuga wuta ya tsaya.

Ya ce, "Ɗinkin dukawan da ne. Da na gan shi, da na hwaɗa maka garin da anka yi shi. Wani mai sayen ma hwatar yake so hiye da ƙarhen." Ya numfasa. "Ni na san ta asali ce. Kai ma yanzu ka sani. Amma mutumin kudu ba sanina zai rataya a bango ba. Abin da zai nuna wa abokansa ka kankare shi. Ga walda, ga sabon icce. Yanzu kuɗinta kuɗin kwalliyar ɗaki ne."

Garba ya matsa kusa da kunnen tsohon, ya rage murya, ko da yake kowa na ji. Ya ce, "Baba, maganar ido ce. Yayarsa ce ba ta gani. Kuna da ƙarfen buga lamba. A buga mata wasu, a mayar mata da baƙinta cikin hayaƙi, wa zai sani?"

Zan faɗi gaskiya, ban tsawata wa Garba ba. Na zuba wa bakin tsohon ido, ina fata ya yarda. Ni da na tsayar da mota guda don kada in ɓoye abu.

Baba Tunau ya ce, "Na iya. Abin da ya sa anka turo ku nan daga Birni shi ne ban taɓa yi ba. Ran da na yi, wanda zai zo bayanku da tashi ta gaske shi zan cuta." Ya juyo gare ni. "Mi ya hana ka tambaya kahin ka sa mata hannu?"

Na dubi bindigar da ke kan buzu. Ni da nake tambaya a kan komai. Na tambayi mai unguwa, na tambayi hakimi, na tambayi liman. Wannan kaɗai ne ban tambaya ba, domin ban taɓa zaton tsafta tana iya zama ɓarna ba.

Na ciro ɗan abin da na tanada na goro na ajiye gabansa. Ya turo mini abina ya ce in ƙara a kuɗin magani. Ya naɗe bindigar da kansa cikin tabarma, ya ɗaure, ya ce in gaida mai ita.

A hanyar komawa gida Garba ya yi ta ba ni baki. Da muka zo tasha ya riƙe hannuna ya ce, "Ji nan, Umaru. Kulu ba ta gani. Ka ce mata maƙeri ya ce ƙirar gida ce tun asali, ba ta da kuɗi. Kowa dama haka yake zato. Ka huta, ita ma ta huta." Na ce na ji. Ya cusa mini ƙunshin bandar kifi a jaka.

Ban sauka Ambursa ba, na wuce Birni, domin na yi wa Alhaji Rasaki alkawarin zan dawo masa da amsa. Da ya warware tabarmar sai ya yi salati. Ya buɗe hoton da ke wayarsa ya ajiye kusa da ita. A nan na fara ganin abin da na yi da idona: a hoto ga bindigar ɗakin Baba, a kan tebur ga wani abu mai ƙyalli da ban sani ba. Muka buɗa hoton muna neman lambobin, ba su fito ba, inuwa ta rufe wurin.

Ya ce, "Laifina ne, Malam Umaru. Da na ce maka kada ka taɓa. Na ɗauka kowa ya sani."

Na ce ba laifinsa ba ne. Ya faɗi abin da zai iya bayarwa don ya rataya ta a shago, bai kai kuɗin motar da na kashe da na kafinta ba. Na ce sai na tambayi mai ita.

Daga Birni zuwa Ambursa ba nisa, amma ban taɓa jin tsawon hanyar kamar ranar ba. Maganar Garba tana ta juyawa a kaina. In na ce jabu ce, na tsira, amma na mayar da Baba maƙaryaci a kabarinsa, na kuma tabbatar wa masu dariya cewa Yaya Kulu ta ba da fadama a kan banza. In na faɗi gaskiya, ita da ta ce ni ne ba na cin amana za ta san abin da na yi da amanarta. Har na iso ƙofar gidanta ban yanke ba.

Na same ta a tsakar gida bayan la'asar, tana tsince wake da lalube. Ta ji sallamata ta ce, "Umaru, ka dawo? Mi anka ce?"

Na zauna na ɗora mata bindigar a cinya. Ta bi ta da hannu daga baki zuwa gindi. Hannunta ya tsaya inda fatar take a da. Ta koma farko ta sake bi.

Ta ce, "Wagga ta wa ce?"

A nan na faɗa mata duka, tun daga toka har gulbi. Ban rage komai ba. Ta saurara, hannunta yana kan katakon kafinta.

Da na gama ta ce, "Amma tsohon ya ce ta asali ce?"

Na ce, "Ya ce ta asali ce, Yaya. Ya ce bai ga irinta sun fi uku ba."

Ta ce, "To. Ka hwaɗa wa su Sani haka, da bakinka." Sani shi ne ƙanenmu da ya fi kowa yi mata dariya ranar rabo. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta jawo tiren wakenta ta ci gaba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Masu cewa na ɓoye kuɗi, ku je fadama ku duba, injin ban-ruwana ba ya nan. Shi na sayar, aka yi mata ido ɗaya, na dama. Na hagu yana jiran albasar bana, wadda yanzu da aron inji nake ba ta ruwa. Ta hana ni sayarwa, na ce ba kyauta ba ce, bashi nake biya.

Ranar da aka cire mata bandeji muka dawo gida, ta dubi jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce na yi furfura ba ta sani ba. Sannan ta ce a ɗauko mata bindigar. Na ɗauko na riƙe a gabanta cikin rana. Ta kalle ta da sabon idon, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ka yi aiki, Umaru, ta yi kyau. Tahi da ita ɗakinka. Ni ban san ta ba."

Na naɗe ta na fito.